TAYAR SAFAYA A MOTAR ZANGO: YADDA AKE KAIWA GARE TA DA YADDA AKE ƊAURA TA

An shirya wannan darasi ne domin direbobi da masu motoci da yaran mota, da kuma kafintoci da masu walda waɗanda ake kai wa mota su sāke mata fasali. Ana roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa abokan aikinsa da ba su iya ba. Abin da za a yi magana a kai, watau tayar safaya, ƙaramin abu ne a ido. Amma a ce mutum ya taso daga Ikko zai tafi Kaduna da iyalinsa, taya ta fashe masa da almuru tsakanin Jabba da Mokwa, ya sauko ya tarar safayar tana nan a ƙarƙashin mota amma ba shi da hanyar sauko da ita. Wannan mutum da wanda ba shi da safaya sam duk ɗaya ne, dukansu a daji za su kwana.

Mece ce motar zango?

Motar zango ita ce ƙaramar bas, ko motar ɗaukar kaya mai rufi, wadda aka mai da cikinta ɗaki. Akan sa mata gado da kabad da tankin ruwa da murhun gas, wata ma har da makewayi, don matafiyi ya yada zango inda dare ya yi masa. A Turai da Amurka aka fi yin wannan al'ada. Kamfanin Volkswagen ya fara ƙera ƙaramar bas ɗinsa a 1950, a 1951 kuma wani kamfanin Jamus mai suna Westfalia ya soma sa mata kayan ɗaki. Irin wannan bas ce mutanen Ikko suka daɗe suna haya da ita da sunan danfo. A yau motocin da aka fi juyawa su ne Fiat Ducato da Mercedes Sprinter da Ford Transit da Toyota HiAce.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwanmu da motar yawon shan iskar Turawa. Ruwanmu a ciki shi ne, waɗannan motoci su ne ake kawo mana tsofaffinsu ta tashoshin jirgin ruwa na Apapa da Tin Can da Kwatano. Wata takan iso da gadonta da kabad ɗinta, wata kuwa a nan gida ake juya ta, a jera mata kujerun fasinja, ko a mai da ita asibitin tafi-da-gidanka, ko kanti, ko wurin kwanan fatake. Ko wace iri ce, matsalar ɗaya ce. Injiniyan da ya zaɓa wa safaya mazauni ya yi lissafinsa ne da mota wadda cikinta fayau yake. Wanda ya zo daga baya ya shimfiɗa katako a daɓe, ya kafa gado, ya yi wa bayan mota waldar ƙarfe, sau da yawa bai tuna da safaya ba ko kaɗan.

Inda safaya take zama

Ba wuri ɗaya ba ne a ko wace mota, saboda haka abu na farko shi ne mutum ya san tasa. A tsohuwar Volkswagen mai inji a baya, wadda aka ƙera kafin 1979, safaya tana cikin mota ne, a waɗansu daga baya, saman inji. Da yake tana cin wurin gado, masu juya motar sukan fitar da ita su ɗaure ta a goshin mota. A samfurin da ya biyo baya an mai da ita ƙarƙashin gaban mota, cikin wani faranti na ƙarfe. A Peugeot J5, wadda masu jigilar tumatir da albasa suka sani sarai, tana cikin ɗakin inji, sai an ɗaga bonet.

A motocin da suka fi yawa yanzu, safaya tana rataye ne a ƙarƙashin daɓe, bayan ƙafafun baya, kuma hanyar rataye ta iri biyu ce. Ta farko keji ne na ƙarfe wanda taya ke kwance a ciki, bakinsa yana maƙale da ƙugiya, ƙugiyar kuma tana ɗaure da dogon noti. Haka HiAce take, haka kuma Sprinter, sai dai ita Sprinter ƙugiyoyinta biyu ne. Kan notin yana bakin ƙofar baya daga ƙasa, ba a ganinsa sai an buɗe ƙofar, wani lokaci ma sai an ɓamɓare ɗan murfin roba. Da wilsifana ake sassauta shi, ana juyawa hagu har keji ya saki, sa'an nan a ɗan ɗaga kejin, a zare ƙugiya, a sauke shi a hankali. A Sprinter akwai ɗan bututu a jikin keji wanda ake zura sandar jak a ciki don a sami ƙarfin ɗagawa. Kada a warware notin gaba ɗaya har ya fita, don keji zai faɗo da nauyin taya, kuma hannu ko ƙafa ne ke ƙarƙashinsa.

Hanya ta biyu igiyar ƙarfe ce mai naɗewa, kamar gugar rijiya. Ana zura sanda ta wani rami, a yi ta juyawa har taya ta sauko ƙasa, igiya ta yi sako-sako, sa'an nan a jawo tayar waje a karkata ƙarfen da ke riƙe da tsakiyarta a fitar da shi ta ramin wili. A Transit ramin yana wajen ƙofar baya. A Ducato da 'yan'uwanta Peugeot Boxer da Citroën Jumper, waɗanda aka ƙera daga 2006, yana gefen dama ne daga waje, bayan ƙafar baya.

To, a nan ne aikin kafinta da mai walda ke yin ɓarna. Katakon daɓe yakan rufe kan noti. Ƙafar gado ko ta kujerar ƙarshe takan zauna daidai bisa ramin. Bambar da aka yi wa walda a baya, ko matakala, ko ƙarfen jan tirela, yakan tare hanyar da keji zai sauko. Marikin kekuna ko tsani yakan hana ƙofar baya buɗewa. Wani ma yakan cire safayar ɗungum ya sa tankin ruwa a gurbinta, mai saye kuwa bai sani ba. Har ila yau jak da wilsifana, waɗanda a yawancin waɗannan motoci ake ajiyewa a ƙarƙashin kujerar fasinja ta gaba ko a gindin ƙofarta, sukan ɓata tun wajen sāke kujeru. Lalle ne wanda zai ba da aikin juya mota ya nuna wa ma'aikaci waɗannan wurare tun kafin a yanka katako, ya ce a bar masa ƙofa mai murfi a daɓe daidai kan ko wane noti. In an riga an rufe, huda katako da yi masa murfi aikin rabin yini ne a gida.

Waɗansu sukan ɗauke safaya su mai da ita jikin ƙofar baya ko kan rufi. Ƙofa ta fi sauƙin kaiwa, amma wilin irin waɗannan motoci da tayarsa yakan kai kilo 25 zuwa 30, kuma ba a yi maratayan ƙofa don wannan nauyi ba, sai an ƙarfafa su. Kada kuma taya ta rufe lambar mota ko fitila. Rufi kuwa shi ne mafi munin zaɓi a ganinmu. Nauyi a sama yana sa mota tangaɗi a kwana, kuma sauko da kilo 30 daga can ba aikin mutum ɗaya ba ne.

Gwaji a ƙofar gida

Kamata ya yi ko wane mai irin wannan mota ya zaɓi rana guda, da hantsi, ya sauko da safayarsa a ƙofar gida da kayan aikin da ke cikin motar kaɗai, motar kuma tana ɗauke da kayanta kamar ranar tafiya. A nan zai gane ko wilsifana ta yi daidai da notin, ko sandar ta kai ramin, ko sai an kwashe katifa da buhuna kafin a kai ga jak. Abin da aka fi tararwa shi ne tsatsa. Motocin Turai sun sha gishirin da ake zubawa a tituna lokacin ƙanƙara, namu kuma suna shan taɓo da ruwan damina, sai noti ya cije, igiya ta ƙi warwaruwa. A wanke, a kankare, a shafa giris a zaren notin keji da igiyar, a maimaita haka kafin damina da bayanta. Wanda ya sa wa safaya sarƙa da kwaɗo saboda ɓarayi ya yi dabara, amma ya riƙa ɗiga wa kwaɗon mai, makullin kuma ya zauna tare da na mota.

Tun da taya ta sauko, a duba ta da kyau. A jikin ko wace taya akwai rubutu, misali 195 R15C 106/104, ko 235/65 R16C 115/113. Harafin C yana nuna taya ce ta motar kaya, mai kaurin jiki. Akwai kuma mai CP wadda aka yi musamman don motocin zango. Lambobin ƙarshe su ne awon nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka. Lamba 106 tana nufin kilo 950, lamba 115 kuwa kilo 1,215. Ta biyun, watau 104 ko 113, ta shafi mota mai tagwayen ƙafafu a baya ne. Safaya tilas ta zo daidai da sauran a girma, kuma kada awon nauyinta ya gaza nasu. Tayar ƙaramar mota, ko da ta shiga wilin, ba ta da ƙarfin wannan aiki.

Dalilin nanata batun nauyi shi ne, motar kaya ta kullum tana ɗauka tana saukewa, amma motar zango ba ta hutawa. Katako da gado da tukunyar gas da batura suna kanta dare da rana. Ruwa kaɗai, ko wace lita kilo ɗaya ce, watau tanki mai lita 100 ya ƙara kilo 100 ke nan. Yawancin waɗannan motoci iyakar nauyinsu da kaya da mutane bai wuce kilo 3,500 ba, kuma da yawa suna tafiya dab da iyakar, galibin nauyin a ƙafafun baya. Don haka jak ɗin ƙaramar mota ba zai yi ba. A duba ƙarfin da aka rubuta a jikinsa. Jak na mai, mai tan 3 ko fiye, shi ya dace, muddin gajartarsa ta isa ya shiga ƙarƙashin mota sa'ad da taya ta kwanta.

Sai shekarun taya. A ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Lamba 2319 tana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin direbobi game da tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa, manyan kamfanonin taya kuma sun ce ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba kada ta wuce shekara 10. Safaya ce ta fi yaudara a nan, domin zanenta yana nan sabo fil, alhali roba ta bushe da zafin kwalta da na salansa, gefenta ya tsattsage. Zurfin zanen kada ya gaza milimita 1.6. Iska kuma a auna ta ko wane wata, a sa mata awo mafi girma da aka rubuta a ɗan allon da ke jikin ƙofar direba, tun da rage iska a hanya ya fi ƙara ta sauƙi.

Waɗansu sababbin motocin zango ba sa zuwa da safaya, sai kwalbar ruwan liƙi da ɗan famfo. Wannan yana toshe hudar ƙusa ne kawai a tafin taya, ba ya maganin yankan gefe ko fashewa, kuma ba a wuce kilomita 80 a awa da shi. Ga hanyoyinmu masu ramuka, wajibi ne a sayi cikakkiyar safaya.

Idan abin ya faru a hanya

Taya in ta fashe ana cikin gudu, kada a danna burki da ƙarfi. A riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur, a bar mota ta rage gudu da kanta, a gangara gefen dama. Gara a lallaɓa a hankali a ɓata tayar da ta riga ta lalace, da a tsaya a kwana ko kan gada ko bayan tudu inda mai zuwa ba zai hango ba. Ana bukatar wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 hannun dama ake bi a ƙasar nan, saboda haka mai canja tayar hagu bayansa yana wajen manyan motocin da ke wucewa. Sai a matsa nesa da kwalta gwargwadon iko.

A kashe inji, a ja burkin hannu, a sa giya ta ɗaya, ko P a mota mai sarrafa giyarta. A kunna fitilun gargaɗi, a kai alama mai kusurwa uku baya kamar taku hamsin, fiye da haka in babbar hanya ce. A rufe tukunyar gas. Kowa da kowa ya sauko, har yaron da ke barci a gado, su tsaya can cikin gefe, ba a gaba ko bayan mota ba. Mutum ɗaya da zai juya a kan katifa ya isa ya zame mota daga kan jak. In wurin ba shi da aminci, ko aikin ya gagara, ana kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122, ko lambar gaggawa ta ƙasa 112.

A sa weji gaba da bayan ƙafar da ke kusurwar ƙetare da wadda ta lalace: in ta baya ta hagu ce ta yi faci, ta gaba ta dama ake tokarewa. Burkin hannu ƙafafun baya kaɗai yake kamawa, saboda haka da zarar an ɗaga baya, weji ne ke riƙe da mota.

Sa'an nan a sauko da safaya tun mota tana kan ƙafafunta, ba bayan an ɗaga ta ba. Jijjigar keji da jan taya aiki ne na ƙarfi, ba a yinsa mota tana lilo a kan jak. Amma akwai wata wahala da ba a ganewa a gwajin gida: in tayar baya ce ta kwanta, ga nauyin ɗaki, bayan mota yakan yi ƙasa har safaya ta ƙi fitowa. Maganinsa shi ne a shimfiɗa katako mai kauri gaban tayar da ta lalace, a tuƙa mota a hankali ta hau kansa, a sāke jan burki da sa weji. Tsayin da aka ƙaru da shi yakan isa, kuma zai ba jak wurin shiga. A jawo safaya da igiya ko da bakin wilsifana, ba da kai da kafaɗa a ƙarƙashin mota ba.

Yanzu a sassauta notunan wili, ko wanne rabin juyi, taya tana ƙasa. Hagu ake juyawa. (Waɗansu manyan bas-bas da motocin kaya na Japan notunan gefen hagunsu a juye suke, akan ga harafin L a kansu, waɗannan dama ake kwance su. Direbobi da yawa sun karya ƙusar wili saboda rashin sanin wannan.) In noti ya cije, a zura bututun ƙarfe a wilsifana don ƙarin tsawo.

A aza jak a kan faffaɗan katako, musamman a yashi ko ƙasar damina ko kwaltar da rana ta narkar. Bulo na siminti ba abin dogara ba ne, yakan farfashe ba tare da gargaɗi ba. Kan jak kuma sai a wurin da littafin mota ya nuna, kusa da ƙafar da za a cire. A motar da aka juya, ƙarƙashinta cike yake da abubuwan da suka yi kama da ƙarfe mai ƙarfi amma ba su ba ne: tankin ruwa, matakala, bututun gas, marikin batur. 'Yan ƙafafun da ake saukewa a kusurwoyi don hana mota rawa lokacin kwana, su ma ba jak ba ne. A ɗaga a hankali ana duban jak. In ya fara karkata, a sauke a gyara. A tuna sabuwar taya cike take da iska, tana bukatar tsayi fiye da wadda ta kwanta. Kafin a cire tsohuwa, a tura safaya kwance ƙarƙashin gefen mota, in an cire kuma a musanya su, don ko jak ya zame mota ta sami abin faɗawa a kai. Ko da wane dalili, kada wani sashe na jikin mutum ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

A ƙarasa kwance notuna, a tara su cikin hula ko kwano don kada su shiga yashi. In wili ya manne saboda tsatsa, a mai da noti biyu sako-sako, a bugi gefen taya da katako. A goge fuskar da wili zai zauna a kai. Ɗaga taya mai kilo 30 a daidaita ramuka yana da wuya, musamman a Sprinter da Ducato, waɗanda ba su da ƙusoshin da za a rataya wili a kansu, notin ne da kansa ke shiga ciki. Dabara ita ce a gangaro da taya dab da wurin, a zura wilsifana ƙarƙashinta a ɗan ɗaga kamar ana ɓamɓarar dutse. Mai wilin alminiyam wanda safayarsa ta baƙin ƙarfe ce ya bincika tun a gida, domin a waɗansu motoci notunansu dabam ne a tsawo.

Ko wane noti da hannu ake fara ɗaura shi, don a tabbata ya hau zare daidai, kuma ba a shafa masa mai ko giris. A ɗan matse su ana tsallakawa, wannan sa'an nan na daura da shi, ba a jere ba, don wili ya zauna sosai. A sauke mota, a cire jak, sa'an nan a yi matsewar ƙarshe bisa wannan tsari. Ko wace mota da awon matsinta. Na Sprinter mai wilin baƙin ƙarfe, ƙirar 2006 zuwa gaba, ya ninka na HiAce fiye da sau biyu. Hawa kan wilsifana ana tsalle, yadda aka saba gani a tasha, yana miƙar da ƙusa har ta karye daga baya. Mota mai tagwayen ƙafafu a baya kuwa, in ta ciki ce ta lalace, sai an cire duka biyu, kuma ya fi kyau a bar wa makaniki in akwai shi kusa.

Kafin a tashi, da bayan an tashi

A mai da tayar da ta lalace cikin keji, a maƙala ƙugiya, a matse noti tam. In igiya ce, a naɗe har taya ta manne da daɓe, a girgiza ta da hannu a ji ba ta motsi. Igiya ko keji da aka bari yana reto zai iya kama wani abu a hanya, taya kuma in ta suɓuce a guje ta isa ta hallaka na baya. In wilin bai shiga mazaunin ba, a sa shi cikin mota a ɗaure da igiya a daɓe, kada a ajiye shi sake a kan gado. A kwashe weji da katako da alamar gargaɗi. Duwatsu da rassan itace da aka jera a kwalta, wanda ya sa su shi ke da alhakin kwashe su, domin mai babur da zai zo cikin dare ba zai gan su ba.

A tsaya wurin mai faci na farko a auna iskar sabuwar taya, a daidaita ta da awon wannan ƙafa. Bayan kilomita 50 a sāke tsayawa a bi notuna da wilsifana, gama sukan saki kaɗan in wili ya gama zama. Ita kuma wadda ta lalace, a sa mai faci ya cire ta daga wili a duba cikinta. Hudar ƙusa a tafi tana gyaruwa. Amma in yankan a gefe yake, ko ta yi ƙullutu, ko an ga garin roba a ciki alamar an yi tafiya a kanta ba iska, to ba ta ɗaukar faci, sai a sayi wata a garin farko da aka samu, a rataye ta a mazauninta kafin a ci gaba da tafiya.